Jan Jirgi a Goshin Mota

Kawuna, ƙanin mahaifiyarmu, fenti yake yi wa manyan motoci a bayan tashar Ƙaura Namoda. Zaki, dawisu, doki, duk yana zanawa idan an saka shi, amma ransa yana kan jiragen yaƙi. Bangon rumfarsa cike yake da hotunansu da ya yago daga tsofaffin mujallu, kuma idan ka kuskura ka tsaya kallo, to ka saya wa kanka zama. Ni kam da gangan nake kuskurewa.

Yana da wanda ya gani da idonsa. Yana yaro, lokacin yaƙin basasa, an je da shi Kano, sai ga wani jirgi ƙirar Rasha ya tsaga sama, fari fat kamar sabon kwanon rufi, hancinsa a buɗe kamar bakin tulu. Kawu ya ce sai da jirgin ya wuce sannan ƙararsa ta iso. Wannan jirgin Kawu yana girmama shi. Akwai kuma masu farfela na yaƙin duniya na biyu, waɗanda ake zana wa haƙora a baki. Su yakan ce sun fi kowa kyan ƙira. Amma wanda ya fi so shi ne kakansu duka, na yaƙin farko, mai fukafukai hawa biyu, katako da zane da wayoyi, matuƙin a zaune kansa a waje iska na dukansa. Har yau ina mamakin zuciyar mutumin da zai hau wannan abu ya tashi sama.

Da ƙanina ya samu motar kansa, tsohuwar gingimari mai bodin katako da zai riƙa jigilar hatsi tsakanin Shinkafi da Zurmi da Ƙaura, sai ya kawo ta wurin Kawu. Jirgi yake so a allon goshinta, amma na zamani, irin waɗanda ke wuce mu yanzu su nufi daji. Ya ciro waya ya nuna hoton, abu siriri mai ruwan toka.

Kawu ya daɗe yana dubawa. "Wanga ya hi su duka gudu, ban musu ba," in ji shi. "Amma ka san dalilin da anka shahwa mai toka? Don kar a gane shi. Na dauri kuwa ja da rawaya suka shahwawa, kowa da nashi, don 'yan uwanshi su shaida shi tun daga nesa."

"Kawu, ni dai mai gudun nika so," in ji ƙanina.

Ni da nake gefe na ce masa motar da sai an tura take tashi ba ta da bakin maganar gudu. Ya harare ni, ya bar makulli ya tafi.

Da ya dawo ɗaukar mota sai ya tarar da jan jirgi mai hawa biyu, farfelarsa rawaya, ya cika allon daga gefe zuwa gefe, har da ɗan matuƙi da gyalensa yana kaɗawa. Aikin ya yi kyau, wallahi, kamar ka miƙa hannu ka juya farfelar. Ƙanina kuwa ya cika ya yi fam. Direbobin tasha suka sa wa motar suna jirgin kara, shi kuma ya rantse da zarar kaka ta wuce zai sa a goge a manna sitika. Kawu kuwa wanke buroshinsa kawai yake.

Gidanmu yana bakin hanyar da ta shigo daga Shinkafi. Tun da hanyar ta lalace da 'yan bindiga, duk ranar da ƙanina ya fita, Inna takan sa a shimfiɗa mata tabarma a ƙofar zaure bayan la'asar. Idonta ya yi rauni, ba ta karanta lamba, manyan motoci duk ɗaya suke a wurinta. Takan zauna ne kawai da carbi har wani ya ce mata ɗanta ya wuce.

Wata ranar kasuwar Shinkafi labari ya iso gari cewa an tare hanya, an ƙona mota, an shiga daji da mutane. Wace mota, ba wanda ya sani. Na kira wayar ƙanina har yatsana ya gaji, ba ta shiga. Matarsa tana ciki tana kuka, ko wuta ba ta hura ba. Na zauna kusa da Inna ina ce mata in sha Allahu lafiya. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan yammacin ba. Kawu ma ya rufe rumfa ya zo ya tsuguna jikin bango.

Rana ta yi ja sosai sannan motocin da suka tsira suka ɓullo a jere, a hankali, kowacce lulluɓe da tamfol. Na miƙe ina ƙanƙance ido, ina neman lamba, ni mai lafiyar ido, amma nisan ya yi yawa. Ta farko ba ita ba ce. Ta biyu ma haka.

Sai na ji Inna ta dafa ƙafata ta yunƙura ta tashi tsaye.

"Ga shi can," ta ce. "Ga jan jirgin ɗana can baya."

Na duba inda take nunawa. Can ƙarshen layi, wani ɗigon ja ne da rawaya yake rangaji a kan ramukan hanya. Kawu ya sunkuyar da kai yana share fuska da hularsa.

Inna ta koma ta zauna, ta ɗauki carbinta. "Tahi ka ce ma matatai ta bar kukan ga," ta ce mini. "Ta aza tukunya, da yunwa zai iso."