Tafkin da Ya Tsiro a Bangon Ya Kura

Ya Kura tsohuwa ce 'yar Barno, aure ya kawo ta Kazaure shekara arba'in da suka wuce, sana'arta haɗa turaren wuta. Hancinta kuwa, in na faɗa muku za ku ce ƙari nake. An taɓa wucewa da wata amarya a mota za a kai ta Roni, Ya Kura na ƙuryar ɗaki ta ce, "Wannan humrar an cika mata ruwa."

Aibinta ɗaya, ba ta buɗe taga. Wai ƙamshi dukiya ne, ba za ta raba wa unguwa kyauta ba. Har tsumma take cusawa a ƙasan ƙofa.

Daminar bara indararon ɗakinta ya tsage, ruwa ya riƙa bin bango yana tsumawa. Fumfuna ta fito daga bayan kabad, baƙa da kore-kore. Da Ya Kura ta gani, sai ta jawo kujera. Wai tafkin Chadi ne ya biyo ta. In ana yayyafin la'asar sai ta zuba garwashi a kasko, hayaƙi na tashi a hankali, ta zauna tana kallo. Ga tsibiri, ga kwale-kwalen babanta, ga garinsu can inda tabon ya fi duhu. Kullum tafkin ƙaruwa yake, ita kuma murna take, wai a bangonta dai Chadi bai ƙafe ba. In warin danshi ya taso, ta ƙara turare.

Sai tari. Sai ido na ruwa, ƙirji na busa kamar usur. Duk wannan bai dame ta ba, sai ranar da hanci ya toshe. Saura sati uku bikin 'yar Mamuda magini, an ba ta aikin turaren amarya, ta kai kwalba hanci ta ji kamar randa take shinshina.

Jikarta Mu'minat, ma'aikaciyar lafiya a Gwiwa, ta zo gaisuwa. Tana shiga ta yi atishawa bakwai.

"Kaka, wannan fumfuna ce. Ita kike shaƙa tun farkon damina."

"Ke da aka haifa a kan dutse, ina kika san tafki?"

"To, ki zaɓa. Hanci ko tafki."

Ya Kura ta juya ta ƙura wa bangon ido. Can ta ce, "Ko kwale-kwalen ba za a bar min ba?"

"Har da shi, ranki ya daɗe."

Da safe Mu'minat ta zaunar da ita a gindin dalbejiya, ta ce mai ciwon ƙirji ba ya tsayawa wurin wannan aiki. Aka buɗe tagar, ƙararta sai da aka ji a Babura. Aka kira Mamuda, ya ɗauko tsintsiya zai kankare a bushe, Mu'minat ta hana, ta ce ai ƙurar ce cutar. Suka ɗaura takunkumi, suka sa safar hannu ta roba, suka wanke bangon da ruwan sabulu da buroshi. Mamuda ya so gauraya bilic da wasu magungunan wanki, nan ma ta hana, ta ce tiririn na iya kayar da mutum. Tabarmar da ta ci fumfuna aka yar, aka janye kabad daga bango. Mamuda ya sauya indararo, yana cewa in ba a tare ruwa ba tafkin zai dawo har da kifinsa. Ya Kura kuma aka kai ta asibiti aka duba ƙirjin.

Ya Kura ta yi kwanaki tana kallon farin bango. Rana ta goma sha biyu, ruwan hantsi ya ɗauke, iska ta shigo ta taga. Ta ɗaga kai, ta ja numfashi, ta lumshe ido. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne, ta ce sak na garinsu.

Turaren amarya ya haɗu, an ce har a Roni aka ji. Tagar tana nan a buɗe, sai dai Ya Kura a gindinta take wuni, tana hararar duk wanda ya rage tafiya yana shaƙar mata kaya.