Ranar da Shanu Suka Cinye Dawar Inna

Jiya a kasuwar Kalgo na ji wata mai ƙosai tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, sai Inna ta faɗo mini a rai. Haka take yi in ranta ya ɓaci, ba ta magana sai ta kai ƙarshen baiti.

Shekarar da shanu suka cinye mata dawa a Wurogauri, dab da girbi, ni da ƙanena muka ɗauki sanduna, don abincinmu na shekara ne. Muka tarar da Inna tana waƙa cikin tattakakken kara, ko'ina warin kashin shanu, makiyayin na tsugune ya kasa ɗaga kai. Da ta gama waƙarta, ta miƙa masa gorar ruwanta.

Na ce, "Inna, shi ke nan?"

Ta ce, "Da safen ga na roƙi Uba shi gafarta mani kamar yadda nike gafarta ma wasu. In zama maƙaryaciya tun rana ba ta faɗi ba?"

Muka ajiye sandunan. Mun sha wuya a shekarar. Makiyayin nan kuwa yana cikin waɗanda suka haƙa kabarinta.

Ubangiji Yesu ya ba ta hutawa, ni kuma ya rage mini saurin hannu.