Mai Kwasar Hanjin Kifi

Jama'a a ba da hanya, ga Injiniyar Juji ta iso bakin ruwan Yauri! Haka Tanimu mai kwalekwale yake shela a ransa duk ranar kasuwa idan ya hango ta. Doguwa ce siririya, takalmin roba har gwiwa a ƙarƙashin zane, hannu biyu bokiti biyu. Ba ta sayen kifi. Gaban mata masu gyaran kifi take tsugunawa, ta kwashe hanjin da suke zubarwa, ta haɗa da kainuwar da ruwa ya koro gaɓa.

Inna Yasira, ɗaya daga cikin matan, ita ta ba shi labarinta. 'Yar garin Wara ce, ta yi wata shida a wata gona a Kenya inda matasa ke koyon noma ba da takin buhu ba. Babanta ya yanka mata gefen gonarsa da ta gaji, damina ɗaya tak. In gero bai yi ba, ya karɓe abinsa.

Yau ga ta nan ta ciro baƙar ƙasa daga leda, ta shinshina, ta miƙa wa Inna tana murmushi kamar mai tallan turare. Hanjin wata uku da suka wuce ke nan, ya zama taki.

Tanimu ya kasa haƙuri. "Hajiya, har jirgin sama kika hau don ki koyo kwasar hanjin kifi? Ai da ni kika tambaya, a nan zan koya miki."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "To tunda ka iya, ɗauko mini wancan bokitin. Kada ka zubar."