Tafintan Majami'armu

Yayana ne tafintan majami'armu a Kafanchan. Baƙo mai wa'azi zai zuba Turanci, kafin ya haɗiye yawu Yaya ya mayar da shi Hausa, har da ɗaga hannu yadda baƙon ya ɗaga. Tsofaffin da ke zuwa daga Fadan Kagoma kan ce wa'azi ya fi daɗi a bakinsa. Ni kuwa in yi ta hura hanci, sai ka ce ni na koya masa.

Wata Lahadi baƙo ya faɗi maganarsa, ya tsaya yana jira. Maimakon ya fassara, Yaya ya ɗaga kai yana kallon fanka. Baƙon ya maimaita. Yaya ya kama rabin farko, ya saki sauran, ya juya wajen taga inda wani ɗan acaɓa ke wucewa.  Na rasa inda zan sa kaina.

Kafin a tashi an gama yanke masa hukunci. Wasu suka ce burkutu ne, mutumin da ko hanyar gidan giya bai sani ba. Wani dattijon ikilisiya ya ce girman kai ne, Ubangiji ya ƙasƙantar da shi. Albarkacin majami'a tsohon nan ya ci, da na wanke shi tas.

A gida na tsare shi. "Yaya, me ya same ka?"

"Komai na magana lokaci ɗaya," in ji shi. "Fanka, mashin, takalmin mutane, fasto. Ban san wanda zan bi ba."

Sai da ya fara amsa wa mutanen da ba ma gani muka kai shi asibiti. Likita ya saurari labarin, sannan ya ce, "Malam, zan karanta lambobi. Duk inda ka ji bakwai, ka buga tebur."

Raina ya ɓaci. Malamin sakandare guda, a ba shi wasan 'yan firamare? Ya kuwa fara da kyau. Sai wata mai shara ta wuce da bokiti. Likita ya ce bakwai, hannun Yaya bai motsa ba. Ya sake cewa bakwai, shiru. Da aka zo kan uku, sai ya buga tebur da ƙarfi, ya dube ni yana murmushi, wai shi ya ci.  Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Likita ya tambaye ni tun yaushe yake haka. Nan na tuna ya daɗe ba ya iya karanta jarida har ƙarshe, tun kafin muryoyin da yake amsa wa su zo, na faɗa wa likita. Ya ce wannan gwajin shi kaɗai ba ya nuna cutar, don rashin barci da damuwa da wiwi duk suna tarwatsa hankali. Amma da tarwatsewar hankalin ta haɗu da jin muryoyi, kuma ta riga su zuwa, ta ƙara masa tabbaci. Ya kira sunan cutar, sikizofireniya, wata cutar ƙwaƙwalwa. Ya ce magani kan kwantar da muryoyin, amma kasa tsayar da hankali wuri ɗaya sau da yawa ba ya tafiya.

"Dokta, zan koma fassara?" in ji Yaya.

"Mu fara shan magani tukuna, Malam."

Muryoyin sun lafa, mun gode wa Allah. Aka ba wani fassarar, wai na ɗan lokaci. Ranar da Yaya ya koma majami'a, kusa da ni ya zauna, cikin rigarsa ta fita kunya. Ina satar kallonsa, leɓunansa suna motsi, suna kama farkon kowace magana, su tsaya. Can tsakiyar wa'azi jama'a suka amsa da Amin mai ƙarfi. Ya taɓa hannuna, ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Ƙanwata," ya ce, "me fasto ya ce?"