Mai Usur da Karen da Aka Ce Daƙiƙi Ne

Kowace safiya Mai Usur yakan wanke kwanonin ruwa, ya cika su, sannan ya jawo tsohuwar kujerarsa ya zauna a gindin katangar filin horo. Ba ya kiran kare ko ɗaya. Kallo kawai yake yi. Wanda ya kawo sabon kare yakan ƙosa ya ce, "Malam, yaushe za a fara ne?" Shi kuwa sai ya ce, "Ai an fara. Yanzu shi ke koya mini."

Abin da yake nema shi ne abin da kare ke yi idan ba wanda ya sa shi. Karen kiwo, in ji shi, idonsa na kan fuskarka, ko gira ka ɗaga sai ya ɗauka umarni ne. Babban karen gadi sai ya auna maganarka tukuna, domin kakanninsa su kaɗai ake bari da garke, ba mai gaya musu abin yi. Siririn karen gudu kuwa, da abu ya gifta, kai da usur ɗinka kun zama labari. "Saurin biyayya daban, basira daban," haka yake faɗa. "Kuma ko cikin jinsi ɗaya, kowa da halinsa."

Yanzu gwiwoyi sun ce ya isa, zai rataye usur bayan shekaru masu yawa. Cikin ayyukansa akwai ɗaya da maƙwabta ba za su manta ba.

Wata mai ɗinki ce da yayanta direba suka zo masa da jan kare mai kunnuwa har suna neman share ƙasa. Mahaifinsu tsohon kafinta ne da mantuwa ta kama. Da ya ga ƙofa a buɗe sai ya sa hula ya fice, wai zai je shago, shagon da aka rushe tuntuni. Direban ya sayo karen ne saboda muryarsa, don in ya yi haushi har tagogi sai sun amsa. Ya zaci zai tsare ƙofa ya tona asirin tsohon duk lokacin da zai fita. Amma Baba yakan tsallake karen ya wuce abinsa, shi kuwa hancinsa na ƙasa yana bin sawun ɓera.

"Malam, wannan daƙiƙi ne," in ji direban. "Na ce zauna, na ce kwanta, har muryata ta dishe. Ci kawai ya iya. In bai gyaru ba, ga kwaɗo na saya. Ɗakin Baba zan riƙa kullewa in za mu fita aiki."

"Yaya, kwaɗo fa ka ce?" Idon ƙanwar ya ciko. "Mutumin da ya yi ƙofofin gidanmu da hannunsa?"

"To ke za ki bar keken ɗinki ki zauna gadinsa? Ran nan a bakin babban titi aka tsinto shi."

Mai Usur bai ba kowa laifi ba, don ya ga duk su biyun tsoro ne ke magana da bakinsu. Ya kwance igiyar karen, ya koma kujera. Karen bai ko dube shi ba. Ya sa hanci a ƙasa, ya bi katanga har lungu, ya tono wani ƙashi da aka binne da daɗewa, wanda sauran karnuka suka yi ta wucewa ta kansa.

"Kun ɗauki mai cigiya aikin gadi," in ji Mai Usur. "Wannan ba zai taɓa hana Baba fita ba. Amma kai, ajiye kwaɗon nan tukuna. Ke kuma 'yata, kawo mini tsohuwar hular Baba."

Washegari ta kawo hula wankakkiya, an goge ta tas, don kunyar miƙa wa babba kaya da datti. Mai Usur ya shinshina, ya yi dariya har da tari. "In ya bi wannan, wurin mai sayar da sabulu zai kai mu. Koma ki cire ta kansa."

Horon ya ɗauki lokaci. A shinshina wa karen hula, Baba ya ɓuya bayan katanga yana ƙyaƙyatawa kamar wasa, a saki doguwar igiya. In ya samo shi, a ba shi nama. In ya kauce, ba duka, ba tsawa, a sake daga fari. Wata rana direban ya leƙo ya ce, "Har yanzu bai iya zama ba?"

"Kai ma ai ba ka iya ɗinki ba," in ji Mai Usur, "kuma ba wanda ya ce maka daƙiƙi."

Ranar da ake gudu ta zo da tsakar rana. Mai ɗinki ta ɗago kai daga keke, ta ga ƙofa a buɗe, ba Baba, ba takalmansa. Ta ɗauko tsohuwar hular, ta kai hancin karen. Ya ja ta, ba ta wajen titin da aka saba nema ba, ta wani siririn lungu, ya ratsa bayan kasuwa, ya tsaya a wurin masu sayar da katako. Ga Baba zaune kan tarin katakai yana shafa ɗaya. Ya dube ta ya ce, "Wannan bai bushe ba. Kada ki bari su cuce ki."

Ashe ƙamshin katako Baba yake bi duk tsawon lokacin nan. Yanzu direban ne ke kai shi can da safe, mai wurin ya ba shi benci da takardar goge katako, da yamma a ɗauko shi. Karen na nan don ranar da ƙafar Baba ta riga su fita.

Mai Usur, kai ne ka ƙi yanke wa dabba hukunci da ma'aunin da ba nata ba. Kai ne mai zama ka kalla kafin ka buɗe baki. Ba a taɓa kiranka gaban taro an ba ka lambar yabo ba, amma akwai tsohon da ke shan iska yau saboda haƙurinka. Mun gode, Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya saka maka da alheri.

Mu kuma masu 'ya'ya da ɗalibai da ma'aikata, kafin mu ce da wani daƙiƙi, mu jawo kujera tukuna mu ga abin da yake yi idan ba wanda ya sa shi.

Kwaɗon kuwa, direban ya kai wa Mai Usur shi kyauta. Yana nan rataye a ƙusa kusa da usur, da makullansa biyu a jiki, bai taɓa rufe ƙofar kowa ba.