Wandon da Mushe Lawali ya rataye min a ƙusa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mushe Lawali ya rasu. Yau da safe na gani a gurup ɗinmu na mahaya keke, kuma lokacin da na gani har an dawo daga maƙabarta.

Ashe duk Damagaram ni kaɗai ne ban sani ba. Tun da sassafe matata Maman Zara ta ɗauke min waya, wai za ta sa caji. Na ce mata ai a cike take, ta ce a dai ƙara. Ƙanena Sani ne ya kira ta ya ce kada a gaya min sai an rufe shi, saboda hawan jinina. Da na gane, na yi faɗa har muryata ta dishe. Ta tsaya tana hawaye har na gama, sannan ta ce, "To Alhaji, da an gaya maka, da wace ƙafar za ka je?"

Wallahi gaskiya ta faɗa.

Ga waɗanda ba su sani ba, tun kafin azumi nake kwance a ɗakin nan. Cinyata ce ta karye, aka sa min ƙarfe a asibiti. Likita ya duba hoton ƙashi ya ce ya haɗe, saura in fara takawa, in ba haka ba gwiwar za ta sandare, ƙila ta zauna haka har abada. Sau ɗaya na gwada, na zame a bakin banɗaki, tun daga ranar ban sake yarda na sa ƙafar nan a ƙasa ba. Sandunan da aka sayo min suna jingine a bayan ƙofa sun yi ƙura.

Gado, fanka, taga. Ta tagar ma katangar maƙwabci kawai nake gani da kan bishiyar dogon yaro. In an ɗauke wuta sai in kwanta ina sauraron numfashina. Na gaji, wallahi na gaji da ɗakin nan, kuma tsoron fita daga cikinsa nake.

Mushe Lawali malamin motsa jiki ne a lakwal, wato makarantar boko, har ya ajiye aiki. Shi ya sa ake ce masa Mushe, haka ake kiran malaman boko a nan. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma in ya hau keke sai ka rantse saurayi ne. Ni kuwa mai sayar da yadi ne, rabin rayuwata a kan benci ɗaya na yi ta a cikin shago, har ciwon suga ya same ni a zaune. Shi ya zo sayen yadin sallah ya ga ina haki don kawai na sauko da bandir ɗin yadi daga sama.

Ya ce, "Alhaji Mutari, shagon nan zai cinye ka. Kana da keke?"

Na ce keke kuma, da girmana?

Ranar Lahadi ina idar da sallar asuba na ji ƙararrawa a ƙofar gida. Shi ne, ya janyo keke biyu.

Fitarmu ta farko ko Mirya ba mu kai ba na sauka na ce na fasa. Ba ƙafa ce ta gaza ba, mazaunai ne, ku yi haƙuri da maganar. Sirdin nan kamar an ɗora ni a kan taɓarya. Mushe ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce gobe in rufe shago mu je kasuwar Dole, wajen 'yan gwanjo, a nemo min kwisar. Kwisar shi ne gajeren wandon nan na mahaya keke, mai manne wa jiki, wanda aka ɗinka wa soso a wajen zama.

Ban taɓa ganin mutum ya zaɓi gajeren wando kamar mai zaɓen ragon layya ba sai ranar.

Ya ɗauko ɗaya ya miƙo min. "Danna soson da babban yatsa. In ya lotsa ya taso, da sauran ransa. In ya lotsa ya zauna, mai shi ya gama cin amfaninsa tun a Turai."

Ya juyo cikinsa waje. "Shafa. Duk ɗinkin da ka ji ya ɗan karce maka yatsa a nan, kafin ka kai Mirya ya zama wuƙa."

Ni na ɗauko wani ƙato mai yalwa, na ce wannan zai fi rufin asiri. Ya fizge ya jefar cikin tulin. Ya ce wannan buhun gero ne, in wandon bai kama jiki ba soson zai riƙa yawo yana gugar fata. Ya kama, amma kada bakinsa ya shaƙe cinya. Sannan ya sa na saka shi a bayan labulen mai gwanjo, ya ce in sunkuya kamar ina riƙe da kan keke ya ga ko ƙugun zai zame. A tsakiyar kasuwa fa! Na sunkuya, mai gwanjo ya kau da kai yana danne dariya.

A hanyar komawa ya ce in wanke shi da ruwan zafi da sabulu tunda na gwanjo ne, kuma duk fita in wanke in shanya, kada in kwana da gumi a cikinsa. Ya rage murya ya ƙara da cewa, "Kuma ba a sa komai a ciki."

Na ce, "A'uzu billahi! Haba Mushe!"

Ranar fita na sa ɗan kamfaina a ciki. Na dawo gida ina tafiya kamar ɗan kaciya. Da ya gan ni sai ya biya farmasi ya sayo min man shafawa, ya ba Maman Zara ya ce ta ba maigida, shi ya san na mene ne.

Da na bi maganarsa kuwa, jama'a, duniya ta buɗe min. Mun je Zermu da damina, gero ya yi kore shar hagu da dama, iska na dukan fuskata, ba inda ke min ciwo. Na yi ihu a kan hanya kamar yaro. Mushe kullum a bayan wanda ya fi kowa rauni yake tafiya, wato a bayana. A aljihunsa akwai dabino saboda sugana in ya faɗi. A jakar bayan sirdinsa akwai jallabiya a naɗe, in lokacin salla ya same mu a hanya ya zura ta a kan kwisar ɗinsa, in ya idar ya ba ni.

Sai ranar da surukina ya zo daga Guna ba sanarwa.

Na dawo da hantsi, na shawo kwanar layinmu, na tarar da Baba, surukin nawa, a kan tabarma a ƙofar gidana, shi da dattawan unguwa biyu. Ni kuma ga ni a cikin kwisar, cinya a waje, gumi na zuba. Ban iya juyawa ba, ban iya durƙusawa in gaishe shi a haka ba. Baba ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da idonsa kan tabarma, ya ce, "Sannu da aiki." Tabarmar ya yi wa sannun.

Da yamma ya tambayi 'yarsa a hankali ko kasuwa ce ta karye min, har mai sayar da yadi ya rasa abin ɗinka wando.

Daga ranar kwisar ya koma ƙasan akwati. Na gwada sa shi a ƙarƙashin wandon shadda, zafin garin nan ya kusa dafa ni. Sai na bar shi gaba ɗaya, na yanko soson tsohuwar katifa na ɗaure a kan sirdi da roba, na ci gaba da hawa da babban wandona mai faɗin ƙafa. Mushe ya taɓa soson ya girgiza kai. Ya ce, "A jikinka ya kamata ya zauna, ya bi ka duk inda ka karkata. A kan sirdi guga kawai zai ƙara maka." Na ce ya bar ni, guga ta fi min idon suruki sauƙi.

Muna dawowa daga Zermu abin ya faru. Wajen zama ya ɗau wuta, na miƙe tsaye a kan feda don in huta, ƙafar wandon ta shige cikin sarƙar keke. Abin da na sani kawai ina ƙasa, ƙafata ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Mushe ne ya tallafe kaina, ya ciro jallabiyar nan ya yi min inuwa da ita, ya tsayar da motar hatsi. Ko sau ɗaya, har ya bar duniya, bai ce min ai na gaya maka ba.

Duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya biyo. 'Yan gurup sun zo da farko, daga baya kowa ya kama harkarsa, ban ga laifinsu ba. Shi bai fasa ba. Zai zauna a bakin gado ya ba ni labarin hanya, inda ruwa ya cinye kwalta, wanda ya yi faci, wanda karen ƙauye ya bi. In ya tashi tafiya sai ya kalli sandunan nan ya kalle ni, ni kuma in kalli silin.

Juma'ar da ta wuce ya shigo da leda a hannu ɗaya, guduma a ɗaya hannun. Ko zama bai yi ba. Ya je bangon da ke fuskantar gadona, can ƙarshen ɗaki, ya kafa ƙusa, ya ciro dogon wando ruwan toka ya rataye. Ina gani na gane yadin, na shagona ne, ashe wajen Sani ya je ya saya.

Na ce, "Mushe, wando ka kawo wa gurgu?"

Ya ce, "Naka ne. Akwai abu a ciki. Ranar da ka iso nan da ƙafarka ka gani."

Ya leƙa tsakar gida ya ɗaga murya, "Maman Zara, ko ya yi kuka kada ki sauko masa da shi!"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa shi da yake da ƙafa biyu lafiyayyu ai dole ya yi wasa da ni. Ya sa gudumarsa a leda, ya tsaya a bakin ƙofa yana murmushi, ya ce, "Alhaji Mutari, ɗakin nan ya fi shagon sharri. Sai Juma'a."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Sani ya ce min Mushe ya dawo daga sallar asuba, ya ce wa iyalinsa ƙirjinsa ya yi nauyi, ya zauna a zaure kusa da kekensa ya jingina da bango. Kafin a kawo ruwa rai ya yi halinsa. Mutumin da ya fi mu lafiya duka.

Bayan na gama faɗan waya ɗazu, kowa ya fita ya bar ni. Daga ni sai wandon nan a ƙusa. Duk kwanakin nan haushinsa nake ji, in na farka shi nake fara gani. Yau na kalle shi na ga babu wanda zai sake shigowa ran Juma'a ya tambaye ni ko na iso.

Na ja jiki zuwa bakin gado. Na sa hannu na janyo sandunan da ƙyar. Da ƙafar ta taɓa siminti sai da na kira sunan Allah da ƙarfi, jiri ya ɗebe ni, na ce shi ke nan faɗuwa ta biyu ta zo. Ban faɗi ba. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, ɗakin da yaro zai tsallake da gudu ɗaya, ni na jiƙe sharkaf kafin goshina ya taɓa bangon.

Na sauko da wandon na juyo cikinsa.

Kwisar ɗina ne. Wanda muka zaɓa tare a Dole. Ya karɓe shi a wajen Maman Zara ban sani ba, ya kai wa tela aka ɗinke shi a cikin dogon wando mara nauyi. Daga waje wando ne kamar na kowa, da zariyarsa, ya rufe har idon sawu, za ka yi salla da shi, za ka durƙusa gaban suruki da shi. Ƙafafun kuma an tsuke su, an sa roba a baki, babu abin da sarƙa za ta kama.

Na danna soson da babban yatsa. Ya lotsa ya taso.

A nan ƙafar ta ƙi ɗaukata. Na sulale na zauna a ƙasa da wandon a cinyata, na yi kukan da ban yi ba ranar da ƙashin ya karye. A nan Sani ya zo ya same ni, shi ya mayar da ni gado, daga gadon nake rubuta muku wannan.

Ban samu sallarsa ba. Ban ɗauki makararsa ba, ban zuba masa ƙasa ba, mutumin da ya tallafi kaina a kan hanyar Zermu. Wannan abin zai daɗe yana cina. Wandon ma ban iya sa shi ba tukuna, gwiwar ba ta lanƙwasuwa yadda zai shiga. Har yanzu ina cikin ɗakin nan, kuma har yanzu ina jin tsoro.

Maman Zara ta ɗauki wandon za ta ninke ta sa a akwati. Na ce a'a. Na ce Sani ya cire ƙusar nan ya kai ta bakin zaure ya kafa, a rataye shi can, kuma ko na yi kuka kada wanda ya kawo min. Ina so in je gidan Mushe in yi wa iyalinsa gaisuwa da ƙafata kafin a tashi zaman makoki. Ban sani ba ko zan iya.

Allah Ya jiƙan Mushe Lawali. Allah Ya gafarta masa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sanyaya masa makwanci kamar yadda ya yi ta neman wa mutane sauƙi. Yadda bai taɓa barin na baya shi kaɗai a hanya ba, ya Allah kada Ka bar shi shi kaɗai. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya karanta masa Ƙulhuwallahu, ko bai san shi ba. In kun gama tasa, ku saka ni a ciki, Allah Ya kai ni bakin zauren nan.