Tsagen Da Na Goge A Fuskar Kakana

Assalamu alaikum edita da masu karatu. Ni haifaffen Jidda ne, cikin waɗanda ake kira Takari, ban taɓa taka ƙasar Hausa ba sai dai in ji labarinta a bakin manya. A lokacin da abin nan ya faru ina sana'ar gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a unguwar Bani Malik. Ina da mata da yara, mahaifina kuma yana zaune tare da mu tun bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ni mutum ne mai taurin kai da son a ce na iya. In na sa abu a gaba, duk wanda ya yi mini magana sai in ji kamar kukan sauro. Maiɗakina takan ce da ana sayar da kafiya a haraj, wato kasuwar tsofaffin kaya, da tuni mun yi gida a bakin teku.

Kakana, mahaifin Baba, daga ƙasar Gobir ya taso da ƙafa da niyyar aikin hajji. Guzuri ya ƙare masa a tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, sai ya sami aikin lebura a filin da sojojin ruwan Ingila ke ajiye jiragen samansu, irin masu fukafukai biyu sama da ƙasa, waɗanda ake naɗe musu fiffike a jiki kamar kaza ta kwanta kan ƙwai. Shi da sauran leburori ne ke tura su, su wanke su, su gangaro da durom ɗin mai. Wata rana wani Bature ya tsayar da su a gaban jirgi ya ɗauke su hoto, amma ko sau ɗaya Kaka bai ga hoton ba. Ya tsallako teku, ya sauke farali, ya yi aure a Jidda, ya rasu Baba yana ƙaramin yaro. Wannan hoton na Bature shi kaɗai aka taɓa ɗaukarsa a duniya. Baba yakan ba mu labarin yana dariya, har ranar da likita ya ce ciwon suga ya fara cin idanunsa. Muna dawowa daga asibiti, a mota ya ce mini shi ba makanta yake tsoro ba, abin da ke damunsa shi ne fuskar mahaifinsa ta ɓace masa a zuciya, muryarsa kawai yake iya tunawa. Wallahi maganar nan ta soke ni. A ranar na ɗauki alkawari a raina sai na nemo masa hoton nan kafin idon ya tafi.

Haka na shiga harkar tara tsofaffin hotunan jiragen saman sojojin ruwan Ingila. Na bi haraj lungu-lungu ina tonon kwalayen da ba wanda ya damu da su, na shiga zauren masu irin wannan sha'awa a waya, Larabawa da Indiyawa da Turawa, ana saye ana musaya. Da farko ba na kallon jirgi sam, baƙaƙen mutanen da ke gefe nake dubawa da madubin ƙara girma. Amma ka san zuciya. A hankali jiragen suka shiga raina. Na san mai sauka kan ruwa, na san mai tashi daga bayan jirgin ruwa, daga ganin jela ina iya faɗa maka irinsa. Kwalaye suka cika ƙarƙashin gado, ina zuba musu ƙullin maganin danshi saboda raɓar Jidda ba ta barin takarda. Maiɗakina ta ce mini, wai kakanka kake nema ko kuwa rundunar yaƙi za ka kafa mana a ɗaki. Na yi dariya na wuce, ban san gaskiya ta faɗa ba.

Ana nan sai abin nema ya samu. A cikin wani tarin hotuna da na saya na ci karo da guda ɗaya, an rubuta Bur Sudan a bayansa. Jirgi da fukafukai a naɗe, leburori a tsaye a gabansa, na tsakiyar kuma dogo ne, kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka, kunnuwansa a buɗe. Tsayuwar Baba ce sak, har tsigar jikina ta tashi. Sai dai hoton ya sha wuya, duk ya yi tabo da ƙuraje da zane-zane. Na ce ina, ba zan kai wa tsoho mai raunin ido wannan tsumman ba, sai an gyara. Na kai wa wani mai studiyo ya ɗauke shi a kwamfuta ya shiga gogewa. Da ya zo kan fuskar mutumin sai ya tsaya, ya nuna mini wasu siraran layuka a kumatunsa, daga gefen baki suka nufi kunne, ya tambaye ni ko su ma a cire. Ko tunani ban tsaya yi ba. Na ce yalla, goge duka, ina so ya fito fes kamar ango. Na sha ganin alhazai masu tsage a titi lokacin hajji, amma a gidanmu ba mai shi, Baba ba shi da shi, kuma ban taɓa zama na tambaye shi yadda fuskar mahaifinsa take ba. Ni a wajena zane ne kamar sauran zanen da tsufa ya yi wa takarda.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni. Akwai wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa, baƙo ne mazaunin unguwar Ruwais, yana da hoton wani jirgi mai sauka kan ruwa da na daɗe ina haɗiyar yawu a kansa. Da ya ga tsohon hoton nan ya ce mu yi musaya. Na ce a raina ai ina da gyararre, babba, a cikin firam, me zan yi da mai tabo. Na miƙa masa kakana na karɓi jirgi, har ina murna na ci riba.

Bayan sallar Juma'a na tara iyali na ɗora wa Baba firam ɗin a cinya. A lokacin idonsa na dama yana gani in an kawo abu kusa. Ya kai shi bakin taga, ya sa madubi, ya daɗe yana kallo. Sai ya sauke numfashi ya ce Allah ya yi mini albarka, na yi ƙoƙari, tsayuwar kam ta yi kama, amma wannan ba mahaifinsa ba ne. Ya ce mahaifinsa Bagobiri ne na asali, tsage ne a kumatunsa daga baki har kunne, yana yaro yakan hau cinyarsa yana bin su da yatsa. Wannan kuwa fuskarsa sumul take. Garin neman gira na rasa ido. Kuma don tsabar girman kai ban buɗe baki na ce ni na sa aka goge ba. Baba ya shafa kaina ya ce halas ya waladi, wato shi ke nan ɗana, in daina wahalar da kaina, a lahira ya gan shi.

Na garzaya studiyo, mutumin ya ce shi gyararren aiki kaɗai yake ajiyewa, na farkon ya share. Na duba wayata, hoton da na ɗauka don in yi fariya a zaure jirgin na auna, mutanen ɗigo-ɗigo ne kawai. Na je Ruwais, maƙwabta suka ce iƙamar tsohon, wato takardar izinin zamansa, ta ƙare, ya koma ƙasarsu, kayansa na bin sa ta jirgin ruwa, lambarsa ta nan kuma ta mutu. Maiɗakina ce kaɗai na faɗa wa. Ba ta yi mini gori ba, ta dai ce in gaya wa Baba, ko ba komai ya san cewa mahaifinsa ya kalla. Na ce a'a, sai na riƙo hoton a hannuna. Na yi ta cigiya a zaure, wannan ya tura ni wajen wancan, watanni suka shuɗe. A gida kuwa ina ganin Baba ya fara laluben bango in zai shiga banɗaki, ya fara tambayar wa ya shigo. Duk lokacin da na ga ya miƙa hannu yana neman kofin shayi ya kuskure, sai in fita waje in yi kuka a mota.

Daga ƙarshe na sami tsohon. Mutumin kirki ne, da ya ji labarin ya aiko mini da hoton, ya ce in riƙe jirgin ma. Amma ranar da hoton ya iso, Baba ba ya bambance dare da rana sai da kiran salla. Na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai, ban rage ko ɗaya ba. Sai ya ce in ba shi hoton. Ya shafa takardar da yatsunsa, ba abin da ya ji, takarda ce kawai. Ya ce in matso. Ya laluba fuskata, ya ɗora yatsa a gefen bakina ya ja shi a hankali zuwa kunne, ya dawo ya sake ja, layi bayan layi, yadda yake yi wa mahaifinsa. Ya ce in duba hoton, kunci ɗaya ya fi ɗayan da layi guda. Na sa madubi na ƙirga, hawaye na hana ni gani, na goge na sake ƙirgawa. Haka yake, babu ragi babu ƙari. Na ce Baba shi ne. Ya ce to alhamdu lillahi, ashe ya gan shi ranar nan a bakin taga bai sani ba, ni kuma yanzu in kalle shi da kyau in adana masa, tunda idona nasa ne. Bai taɓa ɗaga mini maganar ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Wannan yafiyar tasa ta fi duka yi mini ciwo.

Na rabar da jiragen gaba ɗaya, tsohon hoton nan mai tabo kaɗai na bari. 'Yan'uwana, musamman mu da aka haifa nesa da gida, in kun sami wani abu na iyaye da kakanni kada ku yi gaggawar gyara shi, ku fara kai wa tsofaffi yadda yake su gani. Abin da kuke zaton lalacewa ce, wataƙila shi ne shaidar. Ku zauna ku yi musu tambaya tun suna ji suna gani, in kuma kun yi kuskure ku faɗa a ranar, domin da na sani ƙeya ce. Ni da bakina na ce a goge, kuma da na buɗe bakin nan a ranar Juma'ar, da Baba ya sake ɗaga firam ɗin zuwa taga ya kalli mahaifinsa da sauran idon da ya rage masa.